Gyaran Stryfe: Bindigar Wasan Yara a Hannun Masu Dalma

A farkon 2013 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wata 'yar bindigar wasa mai suna Stryfe a cikin jerin kayan Nerf. Roba ce shuɗiya mai baki ruwan lemo, kuɗinta a lokacin wajen dala 20, tana cin ƙananan batura huɗu irin na agogon bango, gidan harsashinta yana ɗaukar harsashin soso shida. Domin yara 'yan shekara takwas zuwa sama aka yi ta. A jikin kwalinta akwai gargaɗi cewa kada a sauya komai a bindigar ko a harsashin. Duk da haka da wuya a sami bindigar soso mai inji da manya suka kwance, suka yanke, suka like da dalma kamar ita. A Amurka da Ostireliya da Singafo da Ingila, wanda duk ya shiga wannan sha'awa kusan da ita yake koyon hannu.

Abin da za mu bi a nan aiki ɗaya ne: mutum ya sami Stryfe yadda ta fito daga kamfani, tana tura harsashi da gudun ƙafa 65 zuwa 70 a daƙiƙa, wato wajen mita 21, yana so ya kai ta ƙafa 130, iyakar da manyan wasannin fili da dama suke amincewa da ita. Ninki biyu ke nan. Ga mai kallo daga nesa, ai ƙarin batir kawai ake nema. Wannan zato shi ne ya ƙona injina masu yawa.

Sai an san cikinta kafin a gane dalili. Bindigogin soso na gargajiya iska suke amfani da ita: ka ja sifirin, ka saki, iska ta tunkuɗa harsashi. Stryfe ba ta da wannan. Kusa da bakinta akwai wani ɗan keji na roba, a cikinsa ƙananan injinan lantarki biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne da tayarsa a kai. Tayoyin suna juyawa suna fuskantar juna, tsakaninsu akwai rata da ba ta kai kaurin harsashi ba. Kunama biyu gare ta. Ta ƙasa, wadda ake dannawa da yatsan tsakiya, ita ce take tayar da injinan, sai ka ji ƙara kamar ta askin lantarki. Ta sama kuwa ba ruwanta da wuta, wani hannu ne kawai take turawa ya zungure harsashi daga gidansa zuwa tsakanin tayoyin, su cafke shi su watso shi waje. Wanda ya taɓa ganin yadda injin matse rake yake jan kara ya gane tsarin, bambancin kawai shi ne nan gudu ake nema.

Wannan sauƙi shi ya sa ta yi farin jini. Injina biyu, makunni ɗaya mai muhimmanci, waya, batir. Babu kwakwalwar lantarki da za ta rikita sabon shiga.

Kuskuren farko da kusan kowa yake yi, a shekarun farko ma har ya zama al'ada, shi ne zuba baturan lithium masu lamba 14500 a mazaunin na asali. Girmansu ɗaya da na agogon bango, amma kowanne yana ba da bolt 3.7 maimakon 1.5. Batura huɗun kamfani bolt 6 suke tarawa. Ka sa uku daga cikin waɗannan, ka cike gurbi na huɗu da batirin bogi mai wuce da wuta kawai, ka tashi da sama da bolt 11. Ƙarar bindigar takan canza nan take, harsashi ya ƙara nisa, mai ita ya yi ta murna. Bayan harbi kaɗan sai ta ɗauke wuta ɗif, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta dawo. Ba lalacewa ta yi ba. Akwai wani ɗan fiyus mai jin zafi da kamfani ya sa a kan hanyar wutar, idan wuta ta yi yawa ya ɗumama ya toshe hanya, in ya huce ya buɗe. Sai mai gyara ya cire shi, yana ganin ya yi maganin matsala, alhali mai gadi ya kora. Daga nan wutar takan bi siraran wayoyin kamfani, da sifirin ɗin mazaunin batir, da 'yan mitsi-mitsin makunnai, duk ba a yi su domin wannan nauyi ba. Injinan asali kuma da siraran harsunan ƙarfe suke karɓar wuta a ciki, waɗanda ba sa jure irin wannan juyi. Wata rana za a ji ƙauri, shi ke nan. Gyaran gangar Auzinawa.

Abin da aka daɗe ba a fahimta ba shi ne bambancin bolt, wato ƙarfin da yake tura wuta, da amfiya, wato yawan wutar da take gudana. Inji ba ya jan wuta daidai wa daida. Lokacin da yake tsaye zai tashi, a nan yake zuƙar wuta mafi yawa, kamar yadda janareta yake nishi idan firji ya tashi. Haka kuma duk sanda harsashi ya shiga tsakanin tayoyin, yakan rage musu gudu, sai injinan su sake zuƙa domin su koma yadda suke. Idan batir ba zai iya ba da wutar a wannan ƙiftawar ido ba, ko kuwa waya ta yi siriri ta riƙe ta, harbi na farko zai fita da ƙarfi, na biyu ya yi rauni, na uku ya faɗi a gaban ƙafarka. A filin wasa, inda mutum biyar suka taso maka a guje, wannan shi ne bambancin tsira da kamu. Saboda haka masu gyara na ƙwarai sun fi damuwa da yadda bindiga take farfaɗowa tsakanin harbi da harbi fiye da gudun harsashi guda.

To, aikin gaskiya yana farawa ne da kwance sukurori, a raba gangar jikin biyu, a ɗauki hoton ciki kafin a taɓa komai. Sukurorin ba tsawonsu ɗaya ba, kuma akwai ƙananan sifirin da suke tsalle su ɓace a ƙarƙashin kujera. Daga nan a tsige wayoyin kamfani gaba ɗaya.

Akwai makullai da Hasbro ta dasa domin yara. Biyu na lantarki ne: ɗaya yana hana injina tashi idan ba a sa gidan harsashi ba, ɗaya idan murfin sama, wanda ake buɗewa a zaro harsashin da ya maƙale, a buɗe yake. Sauran na roba ne, masu riƙe kunama. A cikinsu akwai wanda yake hana kunama motsi sai ya ji harsashi a shirye, kuma shi ne mutane suka fi tsana, domin tsohon harsashi da ya ɗan lotsa bai cika taɓa shi yadda ya kamata ba, sai kunama ta ƙage ana tsakiyar wasa. Masu gyara sukan kwashe su duka. A ganina cire na kunama yana da hujja. Na murfin sama kuwa, duk wanda ya cire shi ya sani cewa yanzu yatsa zai iya isa ga tayoyi suna juyawa, kuma bindigar ta tashi daga kayan da ake bar wa ƙaramin yaro.

Sabuwar waya mai kauri ce, lamba 16 ko 18 a ma'aunin Amurka, inda ƙaramar lamba take nufin waya mai kauri. An fi son mai rigar silikon saboda tana lanƙwasuwa cikin lungunan roba, kuma zafin dalma ba ya narka ta da wuri. Makunnin kunamar ƙasa ana maye gurbinsa da babba mai ɗaukar amfiya 15 zuwa 21, irin na kamfanin Omron, wanda danginsa ne ake samu a ƙofar na'urar ɗumama abinci. Bai dace da gurbin tsohon ba, dole a fafe roba a yi masa mazauni, a riƙe shi da gam ko da wani ɗan sirdi da aka ƙera masa. Ƙafafu uku gare shi, kuma akwai dabara a nan: idan aka haɗa ta uku yadda ya dace, da zarar an saki kunama sai injinan su taka wa kansu birki su tsaya cak, maimakon su yi ta kuka suna tona asirin inda mutum ya ɓuya.

Sai batir. Wanda aka tsaya a kansa shi ne LiPo, irin na jirage marasa matuƙi da motocin wasa masu rimot. Kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, in ya cika tam 4.2. Mai ɗaki biyu, da ake kira 2S, yana ba da 7.4, mai ɗaki uku, 3S, yana ba da 11.1, ya kai 12.6 idan an cika shi. A jikinsa akwai wata lamba mai harafin C. Ana ninka ta da girman batirin a san amfiyar da zai iya fitarwa: mai 1000mAh da 40C, a takarda, amfiya 40 ke nan. Wannan adadi dole ya wuce jimillar abin da injinan biyu suke ja lokacin tashi. Na ce a takarda ne saboda masu sayar da batir sun iya zuzuta hajarsu, shi ya sa mai hankali yake barin rata mai faɗi. Ana haɗa shi da bindigar ta wani soket rawaya mai suna XT60, wanda ba ya shiga a juye. Mazaunin batura na asali kuma sai an yanke shingayensa, galibi har a sauya masa murfi mai tudu kafin batirin ya zauna.

A duk aikin nan babu abin da yake da haɗari na gaske kamar wannan batir. Ba shi da sulke, jaka ce mai laushi. Idan sukuru ya huda shi, ko wayoyinsa biyu suka haɗu, ko aka cika shi da cajar da ba tasa ba, yana iya kumbura ya kama da wuta, wutar da ba ta mutuwa da sauƙi. Idan aka zuƙe shi ƙasa da bolt 3 a kowane ɗaki, ya lalace. Don haka ake maƙala masa 'yar ƙararrawa mai ihu idan ya yi ƙasa, ake cajinsa da caja mai daidaita ɗakuna, ake ajiye shi a wajen bolt 3.8 idan zai daɗe ba a yi aiki da shi ba, kuma ba a barinsa a cikin bindiga ko a mota cikin rana. Wanda ya ga kumburarren batirin waya ya san farkon labarin.

Injina kuma dole su dace da batirin. Na asali masu girman da ake kira 130 ne. Da farko masu gyara sun riƙa aro daga motocin tsere na wasa, daga baya 'yan cikin harkar suka fara ba da oda ana naɗa musu nasu. Wata ƙungiya a Ostireliya mai suna Make Test Battle ta fito da Rhino, wanda aka yi domin 3S, ya kuma shiga kejin Stryfe ba tare da an yanka gangar jiki ba. Shagon Out of Darts na Amurka yana da Kraken da Valkyrie. Akwai Fang da Meishel ga masu 2S. Dukkansu gawayi ne yake kai musu wuta a ciki, ba siririn ƙarfe ba. Akwai kuma dogaye masu lamba 180, sun fi ƙarfin juyi, amma sai an huda gefen bindigar sun leƙo waje an yi musu rufi. Sa injin 2S a kan batir 3S hanya ce ta gaggawa zuwa ƙauri.

Wurare biyu ne sabon hannu yake tuntuɓe a nan. Na farko wajen dasa taya a kan sandar inji, wadda kaurinta milimita 2 ne kacal. Da matsi ake shigar da ita, kuma in ba a tokare bayan sandar da wani abu mai tauri ba, sai a tura ta ta fasa murfin injin. Taya ta zauna a karkace kuwa, bindiga za ta yi ta karkarwa, harsashi ya bi son ransa. Na biyu abin dariya ne: a juya wayoyin injina, a danna kunama, tayoyi su yi ta tura harsashi baya cikin gidansa. Shi ya sa ake gwada juyin da yatsa ko da harsashi guda kafin a rufe.

An gama duk wannan, an kai bindiga gaban na'urar auna gudu, sai ta nuna wani abu tsakanin ƙafa 100 da 120. Ci gaba ne babba, ga saurin tashi, ga farfaɗowa, amma ba a kai 130 ba. A nan ne darasin da ya fi ban sha'awa yake. Ƙara bolt ba zai ƙara komai ba. Harsashi yana tsakanin tayoyin ne na wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma iya abin da tayoyin suka riƙe shi, iya gudun da za su ba shi. Idan juyinsu ya wuce wani mataki, sulɓewa kawai suke yi a jikin soso, kamar tayar mota a cikin yashi: inji yana kuka, mota ba ta gaba. Abin da ake samu shi ne soso narkakke a manne a jikin taya da harsasai masu ƙunar gefe.

Maganin yana wajen riƙo. A kejin kamfani, tazarar da take tsakanin sandunan injinan biyu milimita 43.5 ce. Masu gyara suna sa keji mai 42.5 ko 41.5, wanda aka fitar da na'urar ɗab'in roba ko aka sassaƙa daga alminiyom, tare da tayoyi masu kwarmi a tsakiya da suke rungumar harsashi maimakon su taɓa shi a baki ɗaya. Milimita ɗaya ko biyu, abin da ido ba zai lura da shi ba, shi ne yake kai bindigar ƙafa 130 har 150. Sai dai kowane ƙarin matsi yana da farashi. Injina suna buƙatar ƙarin ƙarfi su haɗiye harsashin, batir yana shan wahala, harsasai suna saurin mutuwa, wani lokaci ma tayoyin su fizge kan roba su bar gangar soso a ciki. Mai neman 130 ba shi da dalilin zuwa matsi mafi tsanani. Matsakaicin keji da tayoyi masu kyau sun isa, kuma bindigar za ta fi daɗewa.

Daga nan matsalar takan koma kan harsashi. Na Elite, wanda yake zuwa da bindigar, tsawonsa ya ɗan haura santimita 7, nauyinsa wajen giram 1, kansa roba ce mai rami a ciki da 'yar huda a gefe. A gudun kamfani ma ba ya tafiya a miƙe sosai. A ƙafa 130 kuwa yakan yi ta kaɗa jela kamar kifi, ya kauce inda ba a aike shi ba. Mutum ya kashe kuɗin da ya ninka na bindigar sau da yawa, ga gudu, babu saiti. Sai an koma ga harsasai masu nauyi a ka, irin AccuStrike ko masu kai mai ramuka kamar saƙar zuma, ko kuma gajeru masu rabin tsawo, waɗanda suke buƙatar nasu gidan harsashi da dogon hannun zungura.

Me ya sa 130, tunda ana iya wucewa? Amsar tana filin wasa. A 2005 wasu ɗalibai a kwalejin Goucher da ke kusa da Baltimo a jihar Maryland suka ƙirƙiro wasan Humans vs. Zombies, wato mutane da gawarwaki masu tafiya. Mutane suna ɗaura ƙyalle a dantse, suna kare kansu da bindigogin soso da dunƙulallun safa. Gawarwaki suna ɗaurawa a ka, ba su da makami sai hannu, wanda suka taɓa ya koma cikinsu. Wasan ya bazu a jami'o'i. Tunda su gawarwakin dole su matso har su taɓa mutum, ana harbinsu ne daga taki biyu ko uku, sau da yawa a fuska. Masu shirya wasa suka sa iyaka, suna kafa na'urar auna gudu a bakin shiga, bindigar da ta haura ta koma jaka. Wasannin da kowa yake da bindiga da tabarau sukan ɗaga iyakar zuwa 150 ko sama.

Lissafin yana goyon bayansu. Ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana bin gudu ne ninki cikin ninki. Harsashi mai giram 1 a mita 21 a daƙiƙa yana ɗauke da kusan jul 0.2, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin bugun. A mita 40 ya kai 0.8. Gudu ya ninka sau biyu, bugu ya kusa ninkawa huɗu. A fata wannan ɗan zafi ne da jan tabo. A ido labari ne dabam. A 2017 likitocin asibitin ido na Moorfields da ke Landan suka wallafa rahoton mutum uku, manya biyu da yaro ɗan shekara 11, da jini ya taru a gaban idonsu bayan harsashin soso ya same su, suka kuma ja hankali cewa harsasan araha marasa tambari sun fi taurin kai. Saboda haka filayen wasa suke haramta harsashi mai kan roba mai tauri, suke kuma tilasta tabarau na kariya. Kada garin neman gira a rasa ido, a nan maganar ba karin magana ba ce kawai.

Fenti ma yana da nasa hukunci. Masu gyara da yawa suna goge jikin bindigar da sanfefa, su shafa fenti, su ƙara mata gindi da dogon baki har ta koma kamar ta soja. Dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa masu ƙera bindigogin wasa da masu sayar da su alama mai launin lemo a baki, kuma ƙungiyoyin wasa sukan hana shiga da wadda aka rufe wa wannan alama ko aka mayar baƙa ƙirin. A 2014 ɗan sanda a birnin Cleveland ya harbe yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, yana riƙe da bindigar wasa mai harba ƙwayoyin roba wadda alamar bakinta ta cire. Tsofaffin hannu a harkar sukan zaɓi launuka masu ihu da gangan, yadda mai hangowa daga nesa zai san wasa ake yi. Duk wanda ya ci karo da irin wannan bindiga a cikin kayan gwanjo a garuruwanmu, inda shingayen bincike suke ko'ina, bai kamata ya bari baƙin fenti ya matso kusa da ita ba.

Kamfanin Hasbro kuwa ya daɗe yana kallo daga gefe. Wani abokin hamayyarsa, Dart Zone, ya riga shi gane cewa manya suna da kuɗin kashewa, ya fito da jerin Pro a 2019. A 2023, shekara goma bayan ta farko, Hasbro ta saki Nerf Pro Stryfe X. Siffar jikinta ta tsohuwar ce, amma a ciki akwai batirin LiPo mai bolt 11.1, tana cin gajerun harsasai daga gida mai ɗaukar 15, gudunta yana kai ƙafa 150, an rubuta 'yan shekara 14 zuwa sama, akwai tabarau a cikin kwalin. Kuɗinta lokacin da ta fito wajen dala 120 ne. Da wannan gudu ta haura iyakar 130, wato wanda zai shiga da ita wasan mutane da gawarwaki sai ya nemi hanyar rage mata ƙarfi, kuma masu gyara ba su ɓata lokaci ba wajen kwance ta su ga wane keji da waɗanne tayoyi za su shiga.